Shanya a Filin Jirgi

Duk Orozo babu wurin shanya kamar simintin da ke bayan asibiti. Kamfanin jiragen magani ne ya zo ya zuba shi bara, taku goma sha biyu kowane gefe, sumul da shi, an ɗan karkata shi wajen kwata don kada ruwa ya kwanta. A tsakiyarsa aka zana wata alama da fenti baƙi da fari, kamar gidajen dara. Ita jirgin yake nema da idonsa. Jirgi ne marar matuƙi, bai fi faɗin tabarma ba, yakan tsaya a sama ya zuro akwati da igiya, ya saki, ya juya abinsa. In bai ga alamar ba, ba ya sakin komai. Injiniyoyi sun faɗa da Turanci, sun faɗa da Hausa, har allo suka kafa. Abin da ba su sani ba shi ne, ba a shimfiɗa siminti a tsakiyar rana a garin da mata ke noman barkono, sannan a ce musu su kawar da kai.

Sista Magdalena ce aka bar wa wannan yaƙi. 'Yar Pankshin ce, shekararta tara a ɗan asibitin, ita ce nas, ita ce ungozoma, kuma ranar da likita bai zo ba ita ce likitan. Ta kori masu alabo, ta kori masu kuɓewa, ta taɓa korar wata da ta zo da wankin gidanta kaf. Mata na cewa Sista ba ta da mutunci, ita kuwa ko a jikinta.

Amma Hansatu mai yaji ba ta koruwa. Ita ce ta fara kawo wa Magdalena tuwo ranar da ta sauka garin ba ta san kowa ba, kuma tun daga ranar kwalbar yaji ba ta taɓa yankewa a ɗakinta ba. Da safiyar Alhamis ɗin nan Hansatu ta iso da amalanke, buhu bakwai na barkono, noman shekararta gaba ɗaya.

"Sista, jirginki ba Talata yake kawo rigakafi ba? Yau Alhamis. Kafin la'asar na kwashe, ko ƙwaya ba za ki gani ba."

"In oga ya gani ni za a kora, ba ke ba."

"Wane oga? Yana can ofis a Jabi yana shan sanyin esi. Rana ɗaya tak, ƙawata. A ƙasa sai ya yi mini sati, ga kaji, ga yashi."

Magdalena ta harare ta, ta yi tsaki, ta shige ciki. Tsakin nan kuwa a wurin Hansatu izini ne. Kafin ƙarfe tara simintin ya rufe ruf, ja wur, babu alama babu dalilinta.

Bayan azahar aka kawo Hansatu a kan acaba, wata maƙwabciya ta riƙe ta daga baya. Ta je ɗakin gona ɗauko buhunan da za ta kwashe shanya, ta sa hannu cikin tarin, gamsheƙa ta sare ta a damtse. Ta gan ta da idonta, baƙa, ta fasa kai. An ɗaure hannun da ɗankwali har ya fara canza kala.

"Ba komai, Sista," in ji Hansatu tana murmushin ƙarfin hali. "Ɗan zafi ne kawai."

Magdalena ta tallafe ta. Ta kwantar da ita, ta sassauta ɗaurin a hankali, ta nemi jijiya a ɗaya hannun ta sa allurar ƙarin ruwa tun jijiyar na ganuwa. Sannan ta ce mata ta kalli silin. Fatar idon Hansatu ta ɗaga, amma ba ta kai inda ya kamata ba, kamar mai jin barci. Magdalena ta san dafin nan. Daga ido yake farawa, ya sauka maƙogwaro, daga nan sai ƙirji, mutum yana ji yana gani numfashi ya ƙi shiga.

A firjinta babu maganin dafin maciji. Ta tambayi mai acaba yadda hanyar zuwa babban asibiti take.

"Madam, kada ma ki fara. Tirela ta faɗi, gosulo tun daga Kurudu har Nyanya. Awa biyu in an yi sa'a."

Ta ɗauki waya ta kira tashar jiragen. Nasrullahi ne a kan aiki, wanda ta san muryarsa shekara guda amma ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ta faɗa masa abin da take so, kwalba goma, da gaggawa. Tana jin ƙarar maɓallansa.

"An gama, Sista. Ana lodi. Minti goma sha takwas in Allah ya yarda." Sai ya shiga tambayoyin da yake karantawa kullum, da muryar wanda ya haddace su. "Akwai mai karɓa?"

"Akwai."

"Akwai ruwa ko iska a wajenku?"

"Babu."

"Fili a share yake?"

"A share yake."

Ta ba da wannan amsa sau hamsin ko fi, har bakinta ya saba ba ya jiran kanta. Idonta na kan ƙirjin Hansatu, hannunta na zuƙar allurar da ake ajiyewa ko magani zai tayar wa mutum. Ta kashe wayar ta jefa aljihu.

Minti biyar da suka biyo baya Hansatu na magana. Ta ce a kira mijinta a kasuwar Wuse, amma a ce masa zazzaɓi ne, don mutum ne mai ruɗewa. Bayan nan maganar ta fara nauyi, kalmomi na manne wa juna. Yawu ya taru a gefen bakinta ba ta haɗiye ba.

Ana cikin haka Iya ta iso, mahaifiyar Hansatu, 'yar tsohuwa siririya da carbi a hannu. Ba ta shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango, domin Hansatu 'yar fari ce, kuma Iya ta mutanen da ce. Shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, ko ranar da ta haihu ba ta nuna ta damu ba. Magdalena ta daɗe da daina mamakin wannan, ko da yake har yau yana ba ta haushi.

"Sannu, Malama. Yaya mai jikin?" in ji Iya, kamar tana tambayar wata baƙuwa.

"Da sauƙi, Iya. Magani na hanya. Shigo ki zauna kusa da ita."

"A'a. Bari dai in je in kori kaji, kada su yi mata ɓarna."

Magdalena ta ji maganar, amma ta wuce ta kunnenta, domin a daidai lokacin ne ƙirjin Hansatu ya fara ɗagawa rabi-rabi. Ta leƙa taga ta ƙwala wa maigadi kira. Baba Thaddeus tsohon soja ne, kuma aikinsa ne duk ranar da jirgi zai zo ya zagaya baya ya duba fili. Ya riga ya ɗauki sandarsa zai tafi can ta tsayar da shi.

"Baba, bar komai ka zo nan!"

Ta ɗora wa Hansatu abin hura numfashi a fuska, ta damƙa masa robar. "Ka matsa, ka ƙirga biyar, ka sake matsawa. Ko gini zai faɗi kada ka tsaya."

"Yes, Sista." Ya matsa, ya ƙirga a fili. Can ya ɗago, ya ce da gurguwar Hausarsa: "Wannan mata idonsa ya rufe fa."

"Tana jinka. Ci gaba."

Ta duba agogo, saura minti huɗu. Ta jera sirinji, ta rataya sabuwar ledar ruwa, ta sunkuya kusa da kunnen ƙawarta tana ce mata ta daure, ya kusa. Yatsun Hansatu suka ɗan motsa a cikin nata. Tsoro take ji sosai, irin wanda ba ta ji ba tun tana ɗaliba, amma muryarta ba ta nuna ba.

Sai ga ƙarar nan daga arewa, kamar taron ƙudan zuma. Magdalena ta ce, "Na gode Yesu," ta miƙe. Wayarta ta yi ƙara.

"Sista." Muryar Nasrullahi ta canza. "Mene ne wannan nake gani? Filin duk ja ne. Ba na ganin alama."

A ranta Magdalena ta ga amalanken, ta ga buhu bakwai, ta ji tsakin da ta yi da safe, duk a lokaci guda.

"Barkono ne," ta ce.

"Barkono? Kin ce mini a share yake!"

"Ka sake shi haka nan, a kan barkonon. Ba zai fashe ba."

"Ba ni ke saki ba, Sista, sistem ne. In bai ga alama ba, ba zai buɗe ba ko oga ne ya zauna a kujerar nan. Gefe kuma ga wayoyin wuta ga mangwaro. Batir ɗinsa zai ba shi minti huɗu a tsaye, daga nan zai juyo da kansa."

"Wani jirgin fa?"

"Ɗayan yana hanyar Kwali. Minti arba'in da biyar."

Ta kalli leɓen Hansatu. Ba su da minti arba'in da biyar. Ta fita da gudu, wayar na kunne a aljihunta.

Jirgin na tsaye a sama, ya fi mangwaro tsayi, akwatin na manne a cikinsa. A ƙasa Iya na durƙushe a gefen simintin da buhu a gabanta. Ta ga jirgin, ta gane ana son wurin, ta fara kwashewa. Da tafin hannu biyu take tarawa, a hankali, daga baki-baki, yadda ake kwashe shanyar mutum ba tare da an karya masa ko ɗaya ba. Da wannan kwasar sai magariba.

Magdalena ta fizgi tsintsiyar kwakwa da ke jingine, ta faɗa tsakiya tana shara da iya ƙarfinta. Barkonon ya sha rana tun safe, ya bushe ƙayau, yana farfashewa a ƙarƙashin takalminta. Garinsa ya tashi. Iskar jirgin ta danno shi ƙasa ta watsa, ya shiga idonta, ya shiga hancinta, kuma duk inda ta share iskar sai ta maido da wani. Ta ji tari daga cikin asibiti. Tagar ɗakin Hansatu a buɗe take, ga ta nan daidai simintin, kuma Baba Thaddeus ne ke tari. Iskar da yake shaƙa ita ce robar ke hura wa Hansatu a ƙirji.

"Baba, rufe taga da ƙafa! Kada ka saki roba!"

"Minti uku," in ji aljihunta.

Ta yar da tsintsiyar. A jikin bango akwai durom biyu na ruwan asibiti, da bokitai. Ta cika ɗaya ta ɗauko. Iya ta ga inda ta nufa, ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba, ta sha gabanta.

"Malama, lafiyarki? Ruwa a shanya?"

"Iya, matsa."

"Noman shekararta ne! In ya jiƙe fumfuna zai yi, ko akuya ba ta ci. Da me za ta tashi ta tarar? Bari in kwashe, yanzu zan gama."

Magdalena ta kalle ta da idanun da ke zubar da ruwa. Ta gane a lokacin cewa tsohuwar nan ba barkono take gadi ba. An hana ta zama a bakin gado, an hana ta kuka, abin da ya rage mata ta yi wa 'yarta shi ne wannan. Amma babu lokacin lallashi.

"Iya, 'yarki ba ta numfashi. Baba ne ke hura mata. Maganin na cikin abin can, kuma ba zai sauko ba sai ya ga zanen da ke ƙarƙashin nan. In ya tafi, ta tafi."

Ta kauce mata ta watsa ruwan a tsakiya. Garin ya kwanta nan take. Barkonon ya taso ya bi gangare, ya buɗe wuri kamar faɗin faranti, baƙi da fari suka leƙo. Ta koma da gudu ta cika wani.

"Minti biyu. Na fara ganin kusurwa ɗaya. Sai duka huɗun sun fito, Sista."

Bokiti na biyu, na uku. Tana watsawa tana tura jiƙaƙƙen da gefen ƙafa, ruwan yaji na shiga takalminta. Numfashinta na fita da ƙyar, hannuwanta kamar ta tsoma su a wuta. Ta lissafa a ranta, ta ga ba za ta kai ba. Tsakanin durom da alama taku goma ne, kuma ita kaɗai ce.

Da ta juyo ɗaukar na huɗu, sai ta tarar da bokiti cike yana jiranta. Iya ce a bakin durom, ta ɗaure zani a ƙugu, ta cusa carbin a wuya. Ta miƙa mata wannan, ta cika wani, amma shi ba ta miƙa ba. Ta ɗauke shi da kanta, tana tangaɗi, ta je ta sheƙa shi a inda barkonon ya fi kauri, wajen da ita da kanta ta tara.

"Minti ɗaya. Kusurwa uku. Saura ta wajen bango."

Durom na farko ya ƙare. Na biyu rabi ne. Magdalena ta kama bakinsa, Iya ta kama gindi, suka mirgina shi suka kifar. Ruwan ya tafi gaba ɗaya, ya kwashe abin da ya saura ya zuba a kwata. Magdalena ta durƙusa ta share kusurwar ƙarshe da hannun rigarta, ta ja Iya suka koma gefe.

Jirgin na nan yadda yake. Ba ta iya ganinsa sosai, sai wani duhu-duhu a cikin hawaye.

"Nasrullahi?"

"Tsaya. Yana dubawa."

Ƙarar ta ɗan canza, kamar zai tashi. Iya ta damƙe mata damtse har farce ya shiga. Sai wani abu fari ya rabu da cikin jirgin, yana saukowa a hankali, yana juyawa a kan igiya, har ya taɓa jiƙaƙƙen siminti.

"Ya saki! Alhamdulillahi, ya saki! Ɗauki ki tafi!"

A ciki ta tarar Baba Thaddeus na ƙirge, ido jajur, majina har leɓe, amma hannunsa bai tsaya ba. Magdalena ba ta ganin rubutun kwalba. Ta fasa ledar ruwan gishiri ta wanke idanunta, ta sa safar hannu biyu a kan juna, ta karanta sunan maganin sau biyu don ta tabbata. Ta haɗa, ta buɗe, ta tsaya tana kallon ɗigon yana sauka. Ta karɓi robar daga hannun tsohon, ta ce ya je ya wanke fuska.

Rabin awa ba abin da ya canza. Ta matsa, ta ƙirga biyar, ta matsa. Nasrullahi ya sake kira, ya ce dole ya rubuta abin da ya faru, har da amsar da ta ba shi. Ta ce ya rubuta, gaskiya ce, ita ta ba da wurin. Sannan ya tambayi mai jiki. Ta ce ya yi addu'a.

An kira la'asar a masallacin kasuwa lokacin da ta ji robar ta yi sauƙi a hannunta. Ƙirjin Hansatu ya ɗaga kafin ta matsa. Ta jira. Ya sake ɗagawa da kansa. Magdalena ta zauna a ƙasa, ta jingina kai da ƙarfen gado, ta yi kukan da barkono ba shi ya sa ta ba.

Sai da rana ta yi sanyi Hansatu ta iya buɗe ido sosai. Ta haɗiye yawu da ƙyar, ta juya kai wajen taga.

"An yi la'asar?" Muryar ƙasa-ƙasa take. "Shanya... na ce miki zan kwashe."

Magdalena ta bi idonta zuwa taga. Daga tagar ana hango kwata, ja har ƙarshenta, kaji na tsattsaga abin da ya maƙale.

"Babu shanya," in ji wata murya daga ƙofa. "An zuba mata ruwa."

Iya ce. Zaninta jiƙe yake har yanzu, hannuwanta sun kumbura sun yi ja har gwiwa. Ta tsallako ƙofar da ta ƙi tsallakowa ɗazu.

"Duka?" in ji Hansatu. "Wa ya zuba?"

"Ni na fara," Magdalena ta ce.

"Ni na zuba," in ji Iya, ba ta ko kalli Magdalena ba. "Da akwai wasu buhu bakwai ma da na zuba musu."

Ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin gadon. Ta daɗe tana kallon hannun da ke kan zanin gado, kafin ta ɗora nata a kai.

"Hansatu," ta ce.

Baba Thaddeus da ke bakin ƙofa ya juya ya fita. Hansatu ta kalli mahaifiyarta kamar ba ta ji daidai ba, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Yajin da ke hannun tsohuwar tabbas yana cin fatar Hansatu, amma ba ta janye ba. Magdalena ta gyara ɗigon ruwan, ta ɗauki tsintsiya ta zagaya baya, ta bar su.